Jijiyoyi Goma Sha Biyu: Shin Hadda Sani Ce?

Duk ɗalibin da ya shiga koyon aikin likita, a Yamai ne, ko a Maraɗi, ko a Damagaram, akwai wani dare da ke jiransa. Dare ne da zai buɗe littafin ilimin ƙirar jikin ɗan Adam a shafin da aka zana ƙasan ƙwaƙwalwa, ya yi ta maimaita sunaye 12 har barci ya sace shi. Sunayen jijiyoyin kai ne, waɗanda suke fitowa daga ƙwaƙwalwa bibbiyu, ɗaya dama ɗaya hagu, su bi ta ƙananan kafofin ƙoƙon kai, kowace ta nufi wurin aikinta.

Ta ɗaya ita ke jin ƙanshi da wari, ta biyu ita ke gani. Ta uku da ta huɗu da ta shida suna juya ƙwayar ido. Ta biyar, mai rassa uku, tana kai labarin duk abin da ya taɓa fuska, tana kuma motsa muƙamuƙi wajen tauna. Ta bakwai ce mai murmushi da ɗaure fuska da rufe ido. Ta takwas tana ji, tana tsayar da mutum kada jiri ya kwashe shi. Ta tara tana maƙogwaro da bayan harshe. Ta goma, wadda Turawa suka yi wa laƙabi da mai yawo, tana gangarawa har zuciya da huhu da ciki, da ita kuma murya ke fita. Ta sha ɗaya tana ɗaga kafaɗa da juya wuya, ta sha biyu tana motsa harshe.

Ɗalibi yana koyon wannan jeri da Faransanci, harshen da shi kansa ya aro sunayen daga Latin da Girkanci. Don kada ya manta, ƴan gaba da shi sukan koya masa wata jimla marar ma'ana, wadda harafin farko na kowace kalmarta ke tuna masa suna guda. A wannan daren, idan aka tambaye shi ta bakwai, zai amsa tun ba a rufe baki ba. To, shin ya san ta? Tambayar ta shafi duk malamin da ya taɓa sa yaro haddar wani abu, ba malaman likitanci kaɗai ba.

Masu sukar hadda suna da hujja mai ƙarfi. Sun ce wannan karatun aku ne: baki ya ɗauka, hankali bai ɗauka ba. Wanda ya iya jera sunaye bai fi wanda ya haddace sunayen garuruwan da ke kan hanyar Agadas ba, alhali bai taɓa fita ƙofar garinsu ba. Suna ƙarawa da cewa yau duk jerin yana cikin wayar da ke aljihun ɗalibi, me zai sa ya hana idonsa barci a kan abin da yatsa zai nemo masa nan take?

Amsar wannan tana bakin gadon majiyyaci. A ce an kawo wani ɗan kabu-kabu da ya faɗi daga babur, kansa ya bugi ƙasa. Ya tashi, ya yi magana, daga baya ya soma lumshewa. Likita ya ɗaga fatar idonsa, ya haska fitila, sai ya ga baƙin tsakiyar ido ɗaya ya buɗe, ya ƙi tsukewa. Wanda jijiya ta uku ta zauna masa a ka ya san cewa ita ke tsuke wannan baƙin, kuma idan jini ya taru cikin ƙoƙon kai ya ture ƙwaƙwalwa, ita ce ake dannewa. A wannan lokaci babu sararin bincike cikin waya. Abin da ma ya fi wannan, wanda bai san abin ba tun farko, ba zai san akwai abin nema ba. Ido ba ya lura sai da abin da hankali ya riga ya tanadar masa wuri.

Haka abin yake a cututtukan da ƙasar nan ta daɗe da sani. Sanƙarau, wanda ya yi ɓarna mai yawa a Nijar a 1995 da 1996, ya sake aukuwa a Yamai a 2015, yakan bar yaro da rai amma ya tafi da jinsa, saboda lahanin da yake yi wa cikin kunne da jijiya ta takwas. Kuturta takan taɓa ta bakwai, ido ya kasa rufuwa, ta taɓa ta biyar, idon ya daina jin ƙura ta faɗa masa, a hankali makanta ta biyo baya. Wanda ya haɗa waɗannan lambobi biyu a zuciyarsa zai kare idon tun bai lalace ba. Ashe dai hadda ajiya ce da ɗalibi yake yi don wani mutum da bai taɓa gani ba, wanda wataƙila ma ba a haife shi ba tukuna.

Amma da a ce zancen ya tsaya nan, da an yi wa hadda yabon da ya wuce haƙƙinta. Tarihin wannan ilimi kansa gargaɗi ne. Jalinusu, babban likitan Girka da ya yi aiki a Rum cikin ƙarni na 2, jijiyoyin kai bakwai ya ƙidaya, kuma yawancin abin da ya rubuta a jikin birai da aladu da shanu ya gano shi. Fiye da shekara 1000 ana haddar littattafansa, daga Bagadaza har Farisa da Turai. Ya ce muƙamuƙin ƙasa na mutum ƙashi biyu ne, malamai suka karantar, ɗalibai suka haddace. Sai wajen shekara ta 1200, lokacin da wata muguwar yunwa ta auka wa Masar, malami Abdul Laɗif al-Bagdadi ya tsaya kan tarin ƙasusuwan waɗanda suka mutu kusa da Alƙahira, ya dudduba, ya tarar ƙashi ɗaya ne. A 1543 Andiriyas Besaliyus ya fitar da babban littafinsa na ƙirar jiki, bayan ya feɗe gawarwaki da hannunsa, ya gyara kurakuran Jalinusu masu yawa. Gani ya kori ji.

Lambar 12 ɗin ma ba a rubuce take a jikin ƙwaƙwalwa ba. Tomas Wilis na Ingila ya ƙidaya tara a 1664. Wani ɗalibi Bajamushe, Samuwel Zomarin, shi ya kawo ƙidayar 12 a 1778, cikin kundinsa na neman digirin likita. Daga baya an gano wata siririyar jijiya kusa da ta ɗaya, wadda ba ta cikin jerin, wasu suka sa mata lamba sifiri. Ta biyu kuwa, in an bi ƙirarta, reshen ƙwaƙwalwa ce da ya miƙo waje, ba irin sauran ba ce. Saboda haka abin da ɗalibi ke hadda yarjejeniya ce ta masana, mai amfani ƙwarai, amma aikin ƴan Adam ce. Wanda ya ɗauke ta tamkar ba ta karɓar gyara, ya koma sahun waɗanda suka gaskata littafi suka ƙaryata idonsu.

Makarantar allo ta daɗe da sanin wannan bambanci. Ana girmama mahaddaci, amma ba a kai masa shari'ar gado don ya haddace kawai. Sai ya zauna gaban malaman ilimi ya koyi ma'ana da hukunci. Hadda ce farkon hanya a can, ba a taɓa cewa ita ce ƙarshenta ba. Kuskuren da makarantar boko ta kan faɗa ciki shi ne ta yi jarrabawa a kan farkon hanya, ta ba da takardar shaida kamar an kai ƙarshe. Ɗalibin da ya gane cewa jeri kaɗai za a tambaye shi, jeri kaɗai zai koya, kuma ba shi kaɗai ke da laifin ba.

Akwai wani mataki kuma da ke gaban ɗalibin da ya tashi da Hausa. A harshensa, kalmar jijiya ɗaya ce ga hanyar jini, da igiyar da ke ɗaure tsoka da ƙashi, da wadda ke kai saƙo daga ƙwaƙwalwa. Tsoffin Girkawa ma kalma ɗaya suka yi wa biyun ƙarshe, kafin likitocin Iskandariya su rarrabe su. Ranar da wata tsohuwa za ta zo da baki a karkace, ƴaƴanta suna cewa iska ce ta buge ta, Faransancinsa ba zai amfane ta ba sai in ya iya mayar da shi Hausar da za ta fahimta. Wanda ya kasa bayyana abu cikin harshen uwarsa, akwai shakka a kan ko ya fahimce shi cikin harshen aro.

A gaban wannan tsohuwa ake gane matsayin wancan dare. Likita zai ce mata: «Inna, ɗaga girarki, ki dubi sama.» In goshin ya ƙi tattarewa a gefen da ya shanye, idon kuma ya ƙi rufuwa, to jijiya ta bakwai ce ta samu matsala a kan hanyarta, a ba ta magani da wuri, a kare idon kada ya bushe, akasari kuma ana warkewa. In kuwa goshin ya tattare lafiya amma bakin ya karkace, to lahanin yana cikin ƙwaƙwalwa, alamar shanyewar ɓarin jiki ce, sai a gaggauta kai ta babban asibiti. Tambaya ɗaya ce, ba ta buƙatar na'ura ko wutar lantarki, ana iya yin ta a ƙaramin gidan likita na ƙauye.

Ke nan hadda ba sani ba ce, amma sani ba ya samun wurin zama sai da ita. Darajarta tana ga abu biyu: a yi ta don wani, a kuma bar ta a buɗe ga gyaran da ido zai kawo. Ɗalibin da ya riƙe waɗannan biyu, jimlar nan marar ma'ana za ta fice masa daga ka bayan ƴan shekaru, bai kuwa yi asarar kome ba, domin a lokacin yana duban goshin tsohuwa ya san abin da yake gani.