Motar Gudu Da Haƙƙin Mai Tafiya A Ƙasa

Ran da saurayi ya shigo Gwiwa ta Jihar Jigawa da mota mai ƙofa biyu, irin mai kwanciya a ƙasa kamar kadangare, ba ya buƙatar maroƙi. Ƙugin injinta ya ishe shi shela. Yara su bi ta a guje, 'yan majalisa su taso su leƙa ta gilashi, wani dattijo ya dafa bodi ya ce, "Allah Ya sanya alheri, ɗana, Allah Ya tsare hanya."

Galibin irin waɗannan motoci na hannu ne: tsohuwar BMW, ko Mercedes, ko Honda Accord mai silinda shida, wadda ta ci zamaninta a Amurka ko Jamus. Har yau 'yar Kwatano ake ce musu, duk da cewa gwamnatin Buhari ta hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa tun 1 ga Janairu 2017.

Saye shi ne mai sauƙi, riƙo shi ne aiki. Don shimfiɗaɗɗiyar kwalta aka ƙera ta, tsakanin kaskon baƙin mai da ƙasa bai kai taƙi ba. Da an sauka kan hanyar ƙauye wadda damina ta zaizaye, dutse ɗaya ya isa ya huda kaskon, mai ya tsiyaye, inji ya buga. Siraran tayoyinta ba sa jure rami, shokozoba ba ta daɗewa. Bakanike ya shiga ƙarƙashi da tocila, ya fito yana goge hannu da tsumma, ya ce, "Yallaɓai, wannan sai Kano." A bi ta Kazaure da Ɗambatta zuwa Ƙofar Ruwa, in ba a samu ba a buga waya Ladipo a Legas. Ga fetur, wanda ya tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da 500 cikin 'yan kwanaki bayan cire tallafi a 29 ga Mayu 2023.

Duk wannan mai mota ya lissafa shi, ya kuma yarda ya ɗauka. Abu ɗaya ne ba ya shiga lissafi, wato mutumin da ke gefen titi. In aka ta da zancen inshora, amsar a bakinsa take: ai caca ce, haramun ce, mu ga Allah muka dogara.

Maganar tana da tushe, bai kamata a yi watsi da ita ba. Ibnu Abidin, malamin Hanafiyya na Dimashƙa da ya rasu a 1836, yana cikin na farkon da suka duba lamunin da 'yan kasuwa ke saya wa kayansu na jirgin ruwa, kuma bai ga halascin karɓar kuɗinsa a ƙasar Musulunci ba. A Disamban 1985 Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi ta zauna a Jidda, ta ce inshorar kasuwanci tana ɗauke da garari mai yawa wanda ke ɓata ciniki. Garari shi ne sayen abin da ba a san ƙarshensa ba, kamar kifin da ke cikin ruwa. Mutum zai iya biyan kuɗi shekara ashirin bai karɓi ko sisi ba, wani ya biya sau ɗaya ya kwashi miliyoyi. Ga kuma riba a inda kamfani ke juya kuɗin. Sai dai ba baki ɗaya malamai suka yi ba. Shaihu Mustafa az-Zarƙa na Siriya ya tsaya a kan halasci har rasuwarsa a 1999, kuma cikin hujjojinsa akwai abin da duk wanda ya karanta Risala a zaure ya wuce ta kansa: aƙila.

Nan ne zancen ya dawo gida. Direban da ya take mutum bisa kuskure ba a kashe shi, amma aya ta 92 a Suratun Nisa'i ta ɗora kaffara da diyya. Kaffarar a wannan zamani azumin wata biyu ne a jere, ita kam tasa ce shi kaɗai. Diyya kuwa raƙuma 100 ce, ko dinari 1,000 na zinariya, kimanin kilo huɗu da kwata ke nan, abin da a yau ya kai ɗaruruwan miliyoyin naira. Shari'a ta san mutum ɗaya ba zai iya ba, shi ya sa ta raba nauyin a kan aƙilarsa, danginsa maza na wajen uba, su biya cikin shekara uku. A mazhabar Malikiyya, sai abin ya kai sulusin diyya suke shiga. Wanda bai kai ba, da ɓarnar dukiya irin ta babur ko saniya, daga aljihun mai laifi za su fito.

To, ina aƙilar saurayin Gwiwa? Baffanninsa manoma ne, wasu suna cirani. In da za a haɗa geronsu da awakinsu duka, da wuya su kai kashi ɗaya cikin goma. Jigawa ta ƙaddamar da shari'a tun shekarar 2000, amma abin da aka fi gani bayan haɗari shi ne a taru a zauren mai unguwa, dangin direba su zo ta'aziyya da buhun hatsi, babban wan mamaci ya sunkuyar da kai ya ce, "Ƙaddara ce, mun yafe." Yafiya abin yabo ce, Alƙur'ani ma ya buɗe ƙofarta. Sai dai diyya gado ce, da rabon mata da na 'ya'ya a ciki, kuma malaman fiƙihu ba su yarda waliyyi ya yi kyauta da dukiyar maraya ba. Sau da yawa wanda ya furta yafiyar ba shi zai ciyar da yaran ba. Mai motar da ke taka totur yana sa ran za a yafe masa, ga kunyar talakawa ya dogara, ko da ya kira abin tawakkali.

Waɗanda suka haramta inshorar kasuwanci ba su bar mutane a sarari ba. Hukuncin Jidda ɗin nan ya halatta ta taimakekeniya, wadda ake kira takaful: kowa ya zuba kuɗi da niyyar gudummawa, a biya wanda tsautsayi ya faɗa wa, kamfani ya ɗauki ladan kula da asusu, rarar da ta saura ta zama ta masu zubi. A Sudan aka fara kafa irin wannan kamfani a 1979. A 2005, a zamanta na Dubai, majalisar ta ce in babu dangin da za su ɗauki diyya, takaful na iya tsayawa a gurbin aƙila. A Najeriya hukumar inshora ta NAICOM ta fitar da ƙa'idojinsa a 2013, ga Jaiz Takaful, ga Noor Takaful, ga Salam Takaful a Kano.

Doka ma ba ta bar zaɓi ba. Tun dokar 1945 inshorar wanda aka yi wa ɓarna wajibi ce a kan kowace mota. Daga Janairun 2023 kuɗinta ga motar gida naira 15,000 ne a shekara, tana biyan ɓarnar dukiya har naira miliyan 3, tana kuma biyan na rauni da rasa rai. 'Yan sanda sun tsananta bincikenta daga 1 ga Fabrairu 2025. Ba wanda zai ce kamfani zai biya cikakkiyar diyya, amma kuɗin asibiti da abin da marayu za su riƙe sun fi buhun hatsi.

Mafi muni shi ne wanda ya ba ɗan kamasho dubu biyu ko uku ya bugo masa takardar bogi. Bai tsira daga abin da yake gudu ba, ya ƙara da yaudara, kuma ranar haɗari wanda ya kaɗe ba zai sami komai ba.

Naira 15,000 ba ta cika rabin tankin motar nan. Mai ita ya nemi takaful na gaskiya, ya duba lambar motarsa a rumbun bayanan inshora na NIID ya ga sunan kamfanin ya fito, sannan ya sassauta ƙafa idan ya zo wucewa ta garin Korayel ko Dabi lokacin tashin 'yan makaranta.