Ajali, Sababi da Allurar Rigakafi: Tambayar da Korona Ta Bari a Arikya

A garuruwa irin Arikya da ke Ƙaramar Hukumar Lafiya ta Jihar Nasarawa, inda jama'a ba su da yawa kuma kowa ya san gidan da aka yi rasuwa, tambayar da annobar korona ta bari ta fi kusa da tauhidi fiye da likitanci, wato idan ajali rubutacce ne, ba ya gaba ba ya baya, mene ne allurar rigakafi take hanawa. Malamai sun daɗe da bambanta ajali, wanda shi ne lokacin mutuwa da Allah kaɗai Ya sani, da sababi, wanda shi ne hanyar da aka ɗora wa bawa ya bi, kamar yadda manomin da ya yi imani cewa arziki na Allah ne bai fasa yin huɗa ya dasa doya ba. A kan wannan fahimta Halifa Umar ɗan Haɗɗabi ya juya da tawagarsa daga Sarga sa'ad da ya ji annoba ta ɓarke a Sham, kuma da Abu Ubaida ya yi masa ƙorafi, ya nuna masa cewa komawar ma tana cikin ƙaddara.

Abin da korona ta ƙara a kan wannan tsohuwar mas'ala shi ne rikiɗar ƙwayar cuta. Ƙwayar tana kwafar kanta a jikin duk wanda ta kama, a wajen kwafin kuma akan sami 'yan kurakurai, waɗanda wasunsu kan haifar da sabon nau'i mai saurin yaɗuwa ko mai tsananin illa. Nau'in Delta, da aka gano a Nijeriya a watan Yuli na 2021, ya fi na farko kwantar da mutane, shi kuwa Omikron, da aka tabbatar a farkon Disamba, ya kama har waɗanda aka yi wa allura, sai dai allurar ta ci gaba da rage tsananin ciwo da mutuwa, musamman ga tsofaffi da masu ciwon suga. Saboda haka ƙin allura ya wuce sha'anin mutum da ransa, ya shiga haƙƙin maƙwabci, domin wanda ya kamu yakan kai cutar ɗakin mahaifinsa tsoho.

Wahalar ƙaramin gari ita ce rayukan da aka tsirar ba a ganinsu, tunda ba a yin zaman makoki don wanda bai mutu ba, sai mutane su ɗauka cutar ba ta zo ba. Zargin da ake yi wa magungunan Turawa ma yana da tushe, domin gwajin maganin Trovan da kamfanin Pfizer ya yi a kan yara a Kano a 1996 ya bar tabo, kuma yana cikin abin da ya jawo dakatar da rigakafin shan inna a 2003. Amma wannan zargi hujja ce ta neman hukuma ta tsaya kan amana, ba hujjar shari'a ba ce ta barin sababi, kuma dakatarwar ta sa shan inna ya koma ƙasashen da suka riga suka rabu da shi. Da aka ci gaba da rigakafin, tare da goyon bayan sarakuna da malamai, an ayyana Afirka a matsayin wadda ta rabu da ƙwayar shan inna ta asali ranar 25 ga Agusta, 2020.