Lambu, Kiɗa da Abin da Ke Hannun Mutum a Soyayya

Tsohuwar tambaya ce tsakanin malamai: a cikin so, me ke hannun mutum, me ya fi ƙarfinsa? Aikin lambu na daga cikin wuraren da amsar ta fi fitowa fili. Manomin albasa a Aliero ta jihar Kebbi, ko a Galmi ta jihar Tawa a Nijar, yakan yafa iri, ya jira makonni kafin dashe, sannan ya shafe watannin rani yana ban ruwa kwami bayan kwami, da jigo a da, yanzu da injin ban ruwa. Wannan duk nasa ne. Tsirowar kuwa ba tasa ba ce, kamar yadda aya ta 63 da ta 64 a Suratul Waƙi'a suka tunatar. Tsutsa ko faɗuwar farashi na iya cinye wahalarsa, amma ba ya daina ban ruwa don bai san ƙarshen abin ba.

Malaman fiƙihu sun raba zaman aure a kan wannan layi. Ciyarwa, tufatarwa, muhalli da rabon kwana wajibai ne, domin mutum na iya yin su. Karkatar zuciya kuwa, a fahimtarsu ga aya ta 129 a Suratun Nisa'i, ba a kama mutum da laifinta.

Kiɗa da wannan ɓangare na biyu yake magana. Imam Ghazali, wanda ya rasu a 1111, ya keɓe babi a Ihya'u Ulumiddin kan sauraron waƙa, inda ya nuna cewa sauti yana motsa abin da ke kwance a zuciya ne, ba ya zuba mata sabo. Wasu malamai sun tsananta fiye da shi, kuma saɓanin yana nan har yau. A Kano ma akwai hukumar tace fina-finai tun 2001. Sai dai gardamar halas da haram takan rufe wata tambaya: me waƙar ke koyarwa? Ɗan Maraya Jos da kuntiginsa ya yi wa ma'aurata nasiha kan zaman gida. Yawancin waƙoƙin fim na yanzu kuwa a kan bege da kallon farko suke tsayawa, kafin a kai ga kuɗin cefane ko jinyar yaro.

Abin damuwar shi ne samari da 'yan mata da yawa daga nan suke ɗaukar ma'aunin so. Zancen ƙofar gida, wanda ƙanne ke kai-komo a cikinsa, iyaye kuma suna sane, ya koma WhatsApp, inda kalma mai daɗi ba ta da tsada. Bayan biki, idan bugun zuciya ya lafa, sai a ɗauka so ya mutu, alhali aikin da ke hannu ba a ko fara shi ba.

Duk da haka shari'a ba ta raina zuciya ba. Buhari ya ruwaito cewa matar Sabitu bin Ƙaisu ta nemi rabuwa ba tare da ta aibata halinsa ko addininsa ba, Annabi (SAW) kuma ya umarta a raba su bayan ta amince ta mayar masa da lambun da ya ba ta sadaki. Wannan ne asalin hul'in da kotunan shari'a ke yanke hukunci da shi har gobe.