Bege da Kunya: Wa Aka Yarje wa Ya Faɗa?

A Dogon Dutsi ko Tibiri, in farin wata ya fito ƴan mata suka taru a dandali, ba a jin mai kiran sha'awa da sunanta. Sai habaici da zaurance, amma wanda aka yi dominsa ya gane. Shin wannan rufi kunya ce, ko kuwa tsoro?

Mai karatu na iya zaton Turawa ba su san wannan tambaya ba. Sun san ta. A 1835 majalisar tarayyar ƙasashen Jamus ta haramta rubuce-rubucen Heinrich Heine da na wasu matasan marubuta, bisa zargin ɓata addini da tarbiyya. Duk da haka sunan Heine bai ɓace ba, domin namiji ne.

A 1819 Goethe ya buga diwaninsa da ya bi sawun Hafiz na Farisa, inda masoya biyu, Hatem da Zulaiha, suke musayar baitocin bege. Wasu daga cikin baitocin Zulaiha ba shi ya tsara su ba. Marianne von Willemer ce, wata matar aure a Frankfurt. Duniya ba ta sani ba sai a 1869, shekara tara bayan rasuwarta.

A wannan ƙarnin ne Nana Asma'u (1793–1864) take rubutu a daular Sakkwato, ana sanin waƙoƙinta da sunanta, begen da ke cikinsu kuwa na Annabi ne (SAW). Begen mace ga namiji ya tsaya a bakin dutsen niƙa da dandali, inda babu alƙalami.

Ashe ba yawan tsiraicin kalma ba ne ma'aunin gaskiyar waƙa. Kunya harshe ce mai zaman kanta: tana suturta mai so da wanda ake so, kuma saƙo ya isa. Aibin yana faruwa ne sa'ad da ta zama takunkumi a bakin ɓangare ɗaya. Yarinyar da ba a koya mata ta ce “ina so” ba, da wuya ta iya cewa “ba na so” ranar da aka kawo goron wanda zuciyarta ta ƙi. Sai a ɗauki shirun da tsoro ya haifa a matsayin yarda.

Hausawa sun ce labarin zuciya a tambayi fuska. Gaskiya ne, amma kafin a ɗaura aure, ya kamata uba ya tambayi bakin ma.