Ruwan Sama da Tulunan Gwauruwa

Karatu: 2 Sarakuna 4:1-7

Sa'ad da gwauruwar nan ta kawo kukanta wurin annabi Elisha, mai binta bashi yana shirin kwashe 'ya'yanta biyu su zama bayi. Annabin ya tambaye ta abin da yake cikin gidanta, ya kuma aike ta ta aro tuluna wurin maƙwabta. Mai ya yi ta zuba har tulu na ƙarshe ya cika, sa'an nan ya tsaya. Ikon Ubangiji bai ƙare a ranar ba. Tulunan ne suka ƙare.

Haka yake da ruwan sama a Abuja. Daga Afrilu zuwa Oktoba Allah yana zubo shi a kan rufin kowa, mai gida da ɗan haya. Yakan bi lambatu ya wuce, wani lokaci da ɓarna, kamar ambaliyar Lugbe ta 2023. Da rani ya yi kuwa, iyalai a Nyanya, Karu da Kubwa, musamman inda famfon madatsar Usuma bai kai ba, sai jiran 'yan garuwa da kuɗi a hannu.

Lissafin ba wuya. Milimita 1 na ruwan sama a kan murabba'in mita 1 lita 1 ce. Rufin kwano mai murabba'in mita 50, idan aka yi ruwa na milimita 20, zai zubo kusan lita 1,000, wato duro 5 masu cin lita 200. Wannan a dare guda ke nan. Abin da ake bukata shi ne indararo da mazubi. Sai dai a bar ruwan fari ya wanke ƙurar hunturu da kashin tsuntsaye tukuna, a kuma rufe duron da kyau saboda sauro da ƙananan yara.

Aikin farko da aka ba Adamu shi ne noman gonar Aidan da kiyaye ta (Farawa 2:15), tun kafin zunubi ya shigo. Saboda haka mai bi da ya kama fartanya a bayan gidansa bai ƙasƙantar da kansa ba, ko da babban ma'aikaci ne a Garki. Alayyafo, kuɓewa, yakuwa da barkono ba sa neman fili mai yawa. Wanda tsakar gidansa siminti ne ya cika buhu da ƙasa da taki ya shuka. Hatsarin yana a farkon damina, lokacin da ruwa yakan sauka sau ɗaya ya ɗauke kwanaki, rana ta ƙone tsiro. A nan ne duron da aka cika yake ceton shuka.

Akwai kuma maƙwabtan da suka ba da aron tuluna, waɗanda ba a cika tunawa da su a wa'azi ba. A kowace ikkilisiya akwai gwauruwa da ba ta da kuɗin duro, akwai kuma gidan da tsohon tanki yake zaune banza. Zumuntar Mata ta san gidajen nan biyu, kuma watan Maris ne lokacin haɗa su, kafin hadarin fari ya taso.