Wa Mawaƙi Yake Yi wa Aiki Idan Ana Maganar Makamashi?

Tun zamanin Turawa masu mulki suka gane cewa saƙo ya fi shiga idan ya biyo ta hannun mai fasaha. Shi ya sa aka riƙa kai majigi ƙauyuka ana nuna finafinan tsafta da noma, daga baya wasan kwaikwayon rediyo ya karɓi aikin. Yau da ake maganar barin itace da gawayi da fetur a koma gas da lantarkin hasken rana, an sake juyowa ga mawaƙa da marubuta da 'yan fim. To, idan an ɗauki nauyin mai fasaha don ya shawo kan jama'a, wa yake yi wa aiki, wanda ya biya shi ko wanda yake saurarensa?

Saƙon kansa gaskiya ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa gurɓatacciyar iskar cikin gida, wadda akasarinta daga hayaƙin girki take, tana kashe kimanin mutum miliyan 3 a shekara, kuma mata da ƙananan yara ne suka fi shaƙar ta. Najeriya ma ta yi alkawari a taron Glasgow na 2021 cewa za ta kawo ƙarshen gudummawarta ga ɗumamar duniya nan da 2060. Babu laifi waƙa ta isar da wannan.

Laifin yana cikin abin da ake ɓoyewa. Bayan cire tallafin fetur ranar 29 ga Mayun 2023 rayuwa ta yi tsada, gas ya gagari gidaje da yawa, aka koma ga gawayi. Fim ɗin da zai nuna mai girki da itace a matsayin bagidajiya ya zalunce ta, domin ta fi marubucin sanin zafin hayaƙi. Ba ilimi ta rasa ba, kuɗi ta rasa. Kuma nahiyar da take zaune a ciki ba ta fitar da ko kashi 5 cikin 100 na iskar da ke ɗumama duniya.

Fasahar Bahaushe ba ta taɓa zama hanya mai tafiya ɗaya ba. Makaɗin da ya iya yabo ya iya zambo da habaici. A tashe, yara kan kwaikwayi manya su fito da halinsu a fili, a yi dariya, a kuma gane. Wato fasaha tana kai maganar sama ƙasa, tana kuma kai kukan ƙasa sama. Wanda ya karɓi rabin farko ya yar da na biyu, ya mai da kansa ɗan talla.

Saboda haka ma'aunin mai sauƙi ne. Shin an bar marubuci ya sa tambayoyin jama'a a bakin 'yan wasansa? Nawa ne cikon tukunyar gas? Wa zai gyara faifan sola idan ya lalace a ƙauye? Ina mai saran itace zai samu abin ciyar da iyalinsa? Idan mai ɗaukar nauyi ya yarda da waɗannan, mai fasaha ya karɓi aikin da zuciya ɗaya, domin jama'a za su ji muryarsu a ciki. Idan ya ce a cire su, to a kira abin da sunansa, talla, don mai sauraro ya san da wa yake magana.