Inda Gaɓar Kabewa Ta Taɓa Ƙasa

A ƙauyukan Ɗambatta gona na manne da gona, ba a barin ko taku ɗaya na ƙasa ya zauna banza. Gero da dawa da gyaɗa da wake kowa da kunyarsa. Kabewa ce kawai ba a cika ware mata wuri ba. Gefen danga ake jefa ƙwayarta, ko bayan ɗaki, wani lokaci ma da kanta take tsirowa a kan juji bayan ruwan farko. Amma kafin damina ta yi tsakiya ta rufe dangar, ta haye rufin ɗaki, ta leƙa gidan maƙwabta.

Wanda ya durƙusa ya ɗaga faffaɗan ganyen nan mai ƙaiƙayi zai ga yadda take tafiya. Yaɗonta gaɓa-gaɓa ne. A kowace gaɓa akwai ganye, akwai siririn zare mai nannaɗe duk abin da ya samu, sau da yawa kuma akwai fure ruwan ɗorawa da ke buɗewa da sassafe ya rufe kafin rana ta take. Abin mamakin yana ƙarƙashi. Duk inda gaɓa ta kwanta a kan ƙasa mai laima, sai ta saki 'yan fararen saiwoyi ta kama. Shi ya sa idan fartanya ta kuskure ta datse yaɗon daga gindi, ba lallai ya mutu ba. Ganyen zai yi yaushi kwana biyu, sannan ya miƙe, don tuni kowace gaɓa ta san hanyar ruwanta. Ubangijin da ya halicce ta da jiki mai taushi, mai saurin karyewa, shi ya ba ta wannan dabarar.

Kabewa ba 'yar asalin ƙasar Hausa ba ce. Daga nahiyar Amurka irinta ya fito, ya tsallako teku, ya zauna a tukunyar taushe har aka manta baƙo ne. A zamanin da take tahowa, jiragen ruwa na kwasar mutanen Afirka suna yin can da su a ɗaure.

Da yawansu an sauke su a wani tsibiri na tekun Karebiya, a yankin da Faransa ke mulka da sunan Saint-Domingue, inda suka yi ta noman rake da kofi. Kafin 1791 bayin sun kai kusan rabin miliyan. A takardun masu gonaki ana rubuta asalin kowane bawa: Kongo, Arada, Nago, Ibo, Bambara, har da Hausawa 'yan kaɗan. An datse su daga gindi, an cakuɗa waɗanda ba sa jin harshen juna. A watan Agusta na 1791 suka yi bore, aka shafe fiye da shekara goma sha biyu ana yaƙi, Toussaint Louverture ya jagorance su har aka kama shi ya mutu a kurkukun Faransa. Ranar 1 ga Janairu 1804 Jean-Jacques Dessalines ya ayyana 'yancin ƙasar a garin Gonaïves, aka sa mata suna Haiti. Shekarar ce Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya yi hijira daga Degel zuwa Gudu.

Yau mutanen Haiti sun haura miliyan 11, a ƙasar da ba ta fi Jihar Kano girma da yawa ba, kuma galibinta tsaunuka. Idan aka ɗaga ganyen rayuwarsu, saiwoyin gaɓa ake gani. Daga Faransanci da harsunan da suka zo da su, sun ƙera nasu harshen, Kreyol. A karkara dangi kan zauna gida-gida kewaye da tsakar gida ɗaya, suna ce masa laku, kusan yadda gandu yake. Ranar da aikin gona ya fi ƙarfin mutum sai ya kira konbit: maƙwabta su zo da fartanyoyinsu, a yi kiɗa da waƙa, mai gona ya ciyar. Manomin Ɗambatta da ya taɓa bin gangar noma ba ya buƙatar tafinta, gayya ce.

Sai kuma kabewar kanta. Mutanen Haiti na cewa a zamanin bauta bayi ke dafa wa iyayen gijinsu romon kabewa, amma an hana su ɗanɗanawa. Tun daga ranar 'yanci, kowace 1 ga Janairu gidaje ke ɗora tukunyar sup jumu, kabewa da naman sa da kabeji da karas da dankali da taliya, a zuba a kwanuka a aika wa dangi da maƙwabta. Wanda ya yi ƙaura zuwa Miami ko Montreal ma yana dafawa. A 2021 hukumar UNESCO ta sa wannan romo cikin al'adun gado na duniya. Diyyar faran miliyan 150 da Faransa ta ɗora musu a 1825 ta wuce a kansu, girgizar ƙasa ta 2010 ta rusa babban birninsu, tukunyar ba ta sauka ba.

Ba manyan abubuwa ne suka riƙe su ba. Sarautun da aka baro, da garuruwa da kaburburan kakanni, duk sun tsaya bayan teku. Abin da ya kama ƙasa shi ne ɗan abin da mutum zai iya yi duk inda ya faɗi: ya taya wani noma, ya aika wa wani kwano. Irin waɗannan ne muka fi saurin rainawa. Gayya na ja da baya a gaban kuɗin ƙwadago, katanga na maye gurbin danga, matashi na tafiya ci-rani Kano ko Legas ya shekara bai san sunan mai ɗakin kusa da shi ba. Yaɗon da ya rataye a sama bai taɓa ƙasa ba yana da kyan gani, sai dai duk ransa na hannun gindi ɗaya.

Kabewa guda ta fi ƙarfin tukunyar gida ɗaya, kuma da zarar an yanka ta ba ta jira. Dole uwargida ta rarraba, ta ɗora wa yarinya yanka biyu a faifai ta ce ta miƙa wa maƙwabta. Ƙwayoyin kuwa a wanke su, a shanya a kan danga, wasu su zube ta wancan gefen.